Lambar Haj Yahaya Tana Amsawa

Tun da na dawo daga Sudan, ba ranar da zan zauna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar ba a tambaye ni yadda ƙasar take ba. Wani yana son labarin yaƙi, ni kuwa ban ga yaƙi da idona ba. Wani farashin riɗi kawai ya dame shi. Nakan ce lafiya lau, in kawo wata magana. Na gaji da kaucewa, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya ya karanta.

Sai na fara da sana'ata, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai ni ba. Na tsufa a aikin fiton kaya a tashoshin jiragen ruwa: Legas, Kwatano, Jidda, Fot Sudan. A nan na tsinci Larabci da Faransanci da Turanci, da ɗan Turkancin ciniki. Da muka fara, takarda ce komai. Yanzu kwamfutar mai saye ce ke magana da kwamfutar mai sayarwa. Don su fahimci juna, akwai kwamitoci a ƙasashen waje da aikinsu kawai tsayar da kalmomi. Kowane ɗan kasuwa yana da lamba. Kowane gari ko tasha yana da 'yan haruffansa. Kowane irin kaya da kowane ma'auni haka. Saƙonnin ma an ƙayyade su: wannan na odar kaya ne, wannan na sanarwar lodi, wannan na sauya wurin ɗauka. Amurkawa suna da kwamitinsu, Turai da sauran duniya suna da nasu, masu manyan kantuna suna da nasu, kuma ba kullum suke jituwa ba. Har akwai kamfanonin da ke cin abinci da tafinta tsakanin na'ura da na'ura.

Na taɓa raka wata tawaga irin wannan taro a matsayin tafinta, a wani birni mai sanyi a bakin tabki. Aka wuni ana gardamar yaushe za a ce kaya sun isa: da jirgi ya ɗaure, ko da mai saye ya taɓa su. Na yi ta dariya a zuci, ina cewa sarkin dillalan Dawanau zai raba wannan kafin shayi ya huce. Abu ɗaya ne ban ji an yi gardama a kansa ba. Duk saƙon da ya shiga, na'ura za ta mayar da amsa nan take cewa an karɓa. Ba wai mutum ya karanta ba. Ma'anarsa saƙon ya iso bai gutsure a hanya ba, shi ke nan.

Haj Yahaya abokina ne tun zamana na Fot Sudan. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noman riɗi a Gadarif don ya sami guzuri, ya mutu yana tara guzurin. Yahaya ya zama dillalin riɗi, gidansa da ofishinsa a Bahri, ƙetaren kogi daga Khartoum. Ni na haɗa shi da Sanusi, ɗan ƙanwata, mai fitar da riɗi waje daga Kano, suka riƙa ciniki ta na'ura. Akwatin saƙon Yahaya ba a Sudan yake ba, wani kamfani ne a ƙasar waje ke riƙe masa.

Da yaƙi ya ɓarke, ya tura iyalinsa Madani wurin ƙaninsa Idris, shi ya tsaya gadin gida. Daga baya wayarsa ta mutu. Madani ma ta zama ba wurin zama ba, iyalin suka gudo Gadarif ta Fau. Ba wanda ya sake jin muryarsa.

Amma kwamfutar Sanusi duk farkon wata takan tambayi masu kawo masa kaya farashi. Kuma duk farkon wata lambar Haj Yahaya takan amsa: an karɓa. Wani a ofis ya faɗa wa wani, magana ta bi baki har ta isa kunnen matarsa, Hajja Sa'adiya. Ta nemi lambata ta kira ni.

"Ya Haj Garba, an ce abokinka yana amsa muku."

Na yi mata bayanin da na yi muku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Tamam. Amma matacce ba ya amsawa." Layi ya katse.

Da a nan maganar ta tsaya da ban yi tafiya ba. Gab da kakar bara Sanusi ya sa a share wani kwandon na'urarsa, inda take zuba saƙonnin da ba su dace da kowace oda ba. Ya kira ni da hantsi, muryarsa ba daidai ba.

"Kawu, zo ka ga wani abu."

Saƙo ne daga lambar Yahaya, kuma ba irin wanda na'ura ke yi da kanta ba ne. Na sauya wurin ɗaukar kaya ne, irin wanda sai mutum ya zauna ya zaɓa da yatsansa. Adadin kaya: ɗaya. Ba buhu ba, ba tan ba, ɗaya kawai. An sa masa alamar kaya mai saurin lalacewa, da alamar a gaggauta. An aiko shi tsakiyar damina, fiye da shekara kafin ranar da muke kallonsa. A ƙarƙashinsa ga amsar na'urarmu: an karɓa.

Na bincika haruffan wurin. Wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce kudu da Gadarif, a kan hanyar Ƙala'at an-Nahal. Na san layin. Jirgi ya daina binsa tun ina da ƙarfina. Amma kwamiti ba ya gaggawar goge suna.

Na yi umra tukuna, sannan na hau jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin. Wato na bi hanyar da kakan Yahaya ya nufa, amma ta baya. Jirgin cike yake da 'yan Sudan masu komawa gida, da firji da faifan sola da barguna a ɗaure. Wanda ke kusa da ni mutumin Omdurman ne, yana ta juya makullai a hannu. Ya ce na gidansa ne. Ya ce maƙwabci ya shaida masa an kwashe komai, har ƙofofin an ɓalle. Na ce to makullan fa? Ya ce, "Ai su ban bari an ɗauka ba, ya Haj." Teku ta juya mini ciki kamar ban taɓa ganin ruwa ba, ni da na yi rayuwata a bakin teku. Shi ya riƙe mini kai yana ba ni lemun tsami.

A Sawakin jami'in shige da fice ya juya fasfona ya ce me ya kawo tsohon Nijeriya ƙasar da masu ita ke neman hanyar fita. Ziyara ce ko ta'aziyya? Na ce ban sani ba tukuna. Ya dube ni ya daɗe, ya buga hatimi.

Tsohon garin Sawakin kango ne na farin dutsen teku, kuma kyanwoyi ne masu garin. A rumfar da na zauna cin kifi an gargaɗe ni kada in kore su, wai ba duka ne kyanwoyi ba. A Istanbul ma na ga ana girmama kyanwa, amma can don tausayi ne, nan don tsoro. Wata baƙa ta hau tebur ta ɗauke rabin kifina ina kallo. Mai rumfar ya taho da sauri yana "ma'alesh, ma'alesh." Sai da ya sunkuya na gane ba ni yake ba haƙuri ba.

Daga nan bas ce, ta hau duwatsu ta gangara, shinge bayan shinge. A kowane shinge a sauko, a jera, a nuna takarda. Larabcina na Jidda ne, sai ya riƙa jawo mini ƙarin tambaya, har na koyi yin shiru in bar furfurata ta yi magana. Yunwa ma ta koya mini darasi. Mu da safe muke karyawa. Su shayi kawai suke kurɓa, abin da suke kira faɗur sai rana ta kusa tsakiya. Da aka tsaya, wake ne dafaffe da man riɗi a babban kwano, kowa ya sa hannu, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Na ce zan sayi nawa daban, wani dattijo ya kama hannuna ya tsoma a kwanon ya ce, "Ya zol, kana zaginmu ne?" A Kasala na sha gahawa da citta a ƙaramin finjali, mai zafi har ido ya kawo ruwa. Bayan Kasala ƙasa ta fara baƙi, ta miƙe ba tudu ba kwari, gona ba iyaka.

Gadarif ta cika ta batse. Makarantu sun zama gidaje. Na sauka a lokanda, wato masaukin da gado kake haya ba ɗaki ba, gadajen igiya a jere a tsakar gida. Suna kiran gadon angareb. Na tambayi mai lokandar inda zan ajiye jakata, ya nuna ƙarƙashin kaina. Da yamma na bi ƙamshi na tarar da mai tsire, sai dai nan sunansa agashe, kuma Larabawa ma haka suke kiransa. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da wata Hausa wadda Kano da Sakkwato da Haɗeja duk suna ciki, an yayyafa mata Larabci. "Marhaba ya Haj, kana kwayis? Zauna a kursi, yanzu nama zai yi, halas." Na ce yajinsa bai kai na gida ba. Ya ce gida ina, shi nan aka haifi kakansa.

Washegari Idris ya zo ya ɗauke ni. Yana tuƙa boksi, irin a-kori-kurar nan, ga wani mai gona a Gedambaliya, kuma ya sami aron fili a bayan gari ya kafa bukka biyu da rumfar kara. A rumfar na tarar da Hajja Sa'adiya. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Amma lallenta sabo ne, baƙi wuluk a kan yatsu da tafin ƙafa. A wurinmu lalle na biki ne da salla. A Sudan shaida ce: mace mai miji a raye ba ta rabuwa da shi, ranar da ya mutu ta daina. A cikin wannan rashi, inda sabulu ma sai an yi dabara, Hajja ba ta fasa ba.

Bayan gaisuwa da shayi mai sukari kamar zuma, Idris ya ce, "Ya Haj, ka gaya mata gaskiya. Shekara nawa yanzu? Mu shimfiɗa tabarma, jama'a su zo su ɗaga Fatiha, ta yi takabarta. Yaya yana da haƙƙin addu'a."

"Ji mai gaggawar tabarma," in ji Hajja. "Tun yana yaro haka yake, a ɗora tukunya ya kawo kwano."

"Matar yaya, ni ba wasa nake ba."

"Ni ma na daina wasa da kai tun Madani. Ka kawo mini wanda ya wanke shi, in zauna. Ba ka kawo ba, kuma mutum yana amsa saƙo duk wata, ka ce in cire lalle?"

Na fito da maganar saƙon da muka tsinta. Na faɗa musu wurin, na kuma faɗa musu daɗewarsa, ban rage komai ba. Idris ya sunkuyar da kai. Ita kuwa fuskarta ta washe. Ta ce, "Ka ji ko? Ya ce a zo a ɗauke shi. Ku me kuke jira?" Ta ɗaure mana gurasarsu ta kisra a tsumma, ta kuma miƙo wa Idris wata farar jallabiya a ninke. "Ya sa wannan kafin ya shigo gari. Ba na son mutane su gan shi da datti."

Mun fita da sassafe. Kwalta ta ƙare, muka shiga baƙar ƙasa. Idris ya ce wannan ƙasar da damina ba mota ba jaki, tana kama ƙafa kamar danƙo, ƙauyuka su yi watanni a yanke. Ko a lokacin, da ruwa ya ɗauke, sai da muka kafe a wani kwari, na sauka turi, takalmina ɗaya ya zauna a can har yau. Na ƙarasa tafiyar da silifan Idris.

Ana tsakiyar yankan riɗi. Sukan ɗaure shi dami-dami su jingina tsaye ya bushe, suna kiran tsibin hilla. Daga nesa sai ka rantse mutane ne a sahu sun sunkuyar da kai, sahu bayan sahu har ƙarshen gani, kuma ba motsi. 'Yan ƙwadagon sun shige inuwa saboda rana. Mun yi tafiya mai tsawo ba mu ga rai ko ɗaya ba.

Sai muka haɗu da layin dogo, a kan ɗan tudun da aka gina masa, ciyawa ta cinye shi. Idris ya ce a daminar da aka gudo daga wajen garin Dindir, wannan tudun ne kawai busasshen wuri, mutane suka biyo shi a ƙafa. Na fara ganin abubuwa a gefe: takalmin yaro, murfin tukunya, ƙafar keken ɗinki.

Mun isa tashar rana na tsaka. Gini ne na jan bulo, rabin rufin ya tafi. Allon sunan yana nan, tankin ruwa ya yi tsatsa, hannun sigina a sama kamar yana ba jirgi hanya. Ko tsuntsu babu. A barandar da ke fuskantar dogo akwai angareb guda, an share ƙarƙashinsa tas, igiyarsa sabuwa. Ba kowa a kai.

Idris ya kashe mota. Muna tsaye muna kallon gadon sai wani tsoho ya fito daga bayan ginin da sanda a kafaɗa. Bai jira sallamarmu ba. Ya dube ni daga hula har silifa, ya ce da Hausa:

"Ku ne na Kano?"

Na shiga wurare a duniya, an tsare ni a iyakoki, an taɓa nuna mini bindiga a Kwatano. Ban taɓa tsorata kamar wannan tsakar rana ba.

Sunansa Baba Adamu, mai gadin riɗin gonar da ke kewaye da tashar. Ya zaunar da mu a ƙasa, bai ce mu hau gadon ba. Ya ce a waccan damina wani dattijo mai suna Yahaya ya iso ta kan dogo, ƙafa a kumbure, ga ciwon sukari ba magani. An ƙwace masa waya a shinge. Suka kai shi kambo, wato zangon 'yan ƙwadago, suka riƙa ba shi kunu.

"Muka ce ya faɗi lambar wani nasa a kira. Ya yi ta ƙoƙari, ya kasa. Ya ce duk suna cikin wayar. Ya yi kuka ranar, wallahi. Ya ce lamba ɗaya ce ta rage a kansa, ta kasuwa, don ita ya daɗe yana bugawa da hannunsa."

Wakilin gonar yana da farantin nan mai kamo intanet daga sama, yakan kunna in an sami mai a janareta. Ya ara wa Yahaya wayarsa. Yahaya ya shiga shafin ciniki.

"Ya daɗe yana dube-dube. Na ce ya Haj, rubuta musu kana nan ba ka da lafiya mana. Ya ce babu wurin rubuta wannan, sai dai ka zaɓa cikin abin da aka jera. Ya ce an jera kaya sun jiƙe, an jera jirgi ya makara, ba a jera mutum ba. Ya nemi sunan kambonmu, babu. Ya nemi ƙauyen da ke kusa, babu. Sai wannan mahaɗɗa." Haka suke kiran tasha. "Ya yi dariya ya ce, to ni ne kayan."

Baba Adamu ya gyara zama.

"Bai ɗaga yatsansa ba amsa ta shigo. Ya ɗaga wayar yana nuna wa kowa. Ya ce kun ga mutanena? Suna zaune suna jirana. Ya ce akwai wani amininsa Garba a Kano, ba ya kwana da saƙo."

Idris ya juyo ya dube ni. Ni dogo nake kallo.

Na san Yahaya ya san abin da na sani. Ya yi shekaru yana ganin wannan amsa tana shigowa, bai taɓa ɗaukarta maganar mutum ba. Amma ranar ita kaɗai aka ba shi.

Tun daga ranar ya ce a ɗauko shi daga kambo a kawo shi tashar, domin ita ce wurin da ya faɗa, kada a zo a rasa shi. Suka kawo masa gado. Bayan kwanaki aka sami tarakta za ta gwada fita zuwa Gadarif. Suka roƙe shi ya hau.

"Ya ƙi. Ya ce ƙafar ba za ta ɗauki jijjiga ba, kuma in ya tafi ku zo ku tarar da wa? Ya ba direban saƙon baki zuwa ga wani ɗan kasuwa. Direban bai dawo ba har yau, ba mu san abin da ya same shi ba. Mai ya ƙare, wakil ya naɗe farantinsa. Shi kuwa kullum yana nan, fuska ga dogo. In iska ta kaɗa waya sai ya ce, Adamu, ji mota. Riɗi yana fure ya cika."

Ya kai mu bayan tankin ruwa. Kaburbura ne a jere, ba suna, na waɗanda dogo ya kawo bai wuce da su ba. Baba Adamu ya san kowanne. Ya nuna na ƙarshe. Shi ya wanke shi da hannunsa. Ya ce Yahaya ya ce iyalinsa suna Madani, kuma a lokacin ba mai zuwa Madani.

Na tambaye shi gadon fa, me ya sa yake nan har yanzu?

"Wasiyya ce. Ya ce a bar shi a wurin, in kun zo ku gane ba ku ɓata hanya ba. Igiyar ta ruɓe da daminar bana, na sake saƙa wata." Ya dubi gadon. "Masu yankan riɗi ba sa zama a kai. Sun ce da rana tsaka yakan yi ƙara kamar an juya. Ni dai na ce zafi ne ke jan igiya."

Muka yi masa addu'a. Idris ya rasa yadda zai yi da jallabiyar, ya miƙa wa Baba Adamu. Tsohon ya karɓa, ya kwance gadon a gabanmu, ya jingine shi da bango. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Kun zo."

Mun shiga Gadarif da la'asar washegari, don mun sake kafewa. Hajja tana bakin rumfa, ta sa mayafinta mai kyau. Ta leƙa bayan motar. A Sudan ba a faɗin mutuwa da baki in ana iya kaucewa. Idris ya tsaya a gabanta ya ɗaga tafukansa biyu ya ce, "Al-Fatiha." Ta dubi hannuwansa. Ta daɗe kafin ta ɗaga nata.

Aka shimfiɗa tabarmi. Mutanen Bahri da na Madani da ke warwatse a gari suka yi ta zuwa, kowa ya tsaya ya ɗaga hannu, ya zauna a ba shi shayi. A rana ta biyu ta aiko a kira ni. Na zauna a bakin rumfa, tana ciki. Ta sa na ba ta labarin duka, har da gadon.

"Ya Haj Garba, da ya aika, wa ya amsa masa?"

"Ba kowa, Hajja."

"Ni kuma duk watannin nan, wa yake amsa mini?"

"Ba kowa."

"To su waye suka ce a riƙa amsawa?"

Na tuna ɗakin taron nan mai ɗumi a bakin tabki, da mutanen kirki masu ruwan kwalba a gabansu, waɗanda ba su nufi kowa da sharri ba. Na ce wasu mutane ne a nesa, sun yi don kada kaya su ɓace.

Da yamma limamin unguwar ya zo. Matan sun riga sun kawo mata farin ƙyalle mara ado, irin wanda mai takaba ke sawa a can. Liman ya tambayi lokacin rasuwar, Idris ya ce riɗi yana fure, a daminar da ta gabaci ta bana. Liman ya ce takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba. Tata ta riga ta wuce tuntuni. Babu abin da ya rage a kanta.

Na ji muryarta daga cikin rumfa. "Wato na yi takabarsa da lalle a hannuna."

Ta sa farin ƙyallen duk da haka. Lalle kuwa ba ya wankuwa, sai farce ya tsiro ya ture shi. Ranar da zan tafi na je sallama, ta miƙo mini ƙullin riɗi ta bayan labule, na ga ɗan farin layi ya fara fitowa a gindin faratanta.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ku daina tambayarsa farashi. Ku bar shi ya huta."

Da na iso Kano, kafin in shiga gida na biya ofishin Sanusi, na tsaya a kansa har ya cire sunan daga jerin. Muka rubuta wa kamfanin da ke riƙe da akwatin cewa mai lambar ya rasu, a rufe. Suka amsa da ladabi cewa bisa ƙa'ida, buƙatar rufewa sai ta fito daga mai lambar.

Mu dai mun daina. Amma Yahaya yana da masu saye a Mersin da Mumbai da wasu wuraren da ban sani ba, kuma na'urorinsu ba su ji an ɗaga Fatiha ba. Jibi farkon wata ne. Za su tambaye shi farashin farin riɗi, kuma kafin mai tambaya ya ɗaga yatsansa, zai amsa.